'Yar Ganga a Bayan Gilashi

Tun da na zo Dubai ban ji ƙarar washin wuƙa ba, sai ranar da na yi da hannuna. A nan idan wuƙa ta dakushe, kwandon shara ake jefa ta a sayo wata. Na ga surukata ta yi haka da idona, wuƙa lafiya lau, ƙotarta ko tsagewa ba ta yi ba. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna gidan ba nawa ba ne, na haɗiye abata. Mu kuwa da wannan ƙarar muka tashi. Da an idar da sallar asuba mahaifina zai zauna a gindin randa da ɗan dutsensa, ya ɗiga masa ruwa da yatsa, sai ka ji shuu, shuu, a hankali, babu gaggawa. Daga can fadama jigon maƙwabcinmu yana kuka, guga na nutsewa yana fitowa, ruwa na bin hanyarsa zuwa cikin albasa. A bayan danga mata sun fara daka, taɓarya biyu a turmi ɗaya. Ko idonka a rufe ka san wane ne ya tashi, wane ne kuma ya makara. Uwata takan ce gidan da ba a jin motsinsa da safe, a leƙa a gani ko lafiya. Da za ta ga inda nake yau, da ta aiko a leƙa.

Ina zaune a hawa na goma sha ɗaya, a unguwar da suke kira Port Saeed. Tagar ɗakina ba ta buɗewa, haka aka gina ta, gilashi ne tun daga ƙasa har sama. Ta cikinsa ina hango jiragen ruwa na katako a bakin gaɓa, ana loda musu firji da tayoyi da kwalaye, mutane na ɗaga hannu suna buɗe baki, amma ko tarinsu ba na ji. Babban ɗana ne ya kawo ni. Injiniya ne a wani kamfani a Al Quoz, sunan mahaifina ya ci, shi ya sa Abba nake ce masa. Yanar ido ce ta rufe mini idanu, ya ce in zo a cire, wata biyu in koma. An yi ido ɗaya lafiya, ana jiran na biyu sai cutar korona ta sauka, aka rufe sama aka rufe ƙasa. Ranar da na sauka ya karɓi fasfona ya ce zai adana mini kada ya ɓata, daga nan ban sake sa shi a ido ba. Yaron kirki ne, wannan ba na ɗauke masa. Abinci sai na ture, magani a kan lokaci, har kujerar salla ya sayo mini saboda gwiwa. Amma akuya ma ana kai mata dusa har turke, kuma ba ta fasa jan igiya.

A falon akwai wata durowa ta gilashi mai fitila a ciki, kullum a kulle. Wuƙaƙe ne jere a kan jan ƙyalle, sun fi talatin, duk irin masu naɗewa da ake sawa a aljihu, daga ƙasashen Turawan can arewa masu ƙanƙara, Suwidin da maƙwabtanta. Abba tara su yake yi. Ba ya yanka komai da su, ko lemo zai ɓare sai ya tafi kicin. A waya yake bin gwanjonsu, shi da wasu masu irin ciwonsa a ƙasashe daban-daban, wani lokaci ya yi wata guda yana fakon ƙwaya ɗaya. Idan ta iso, sai ya sa farar safar hannu kafin ya taɓa ta. Da aka kulle mu a gida babu fita, ya rasa wanda zai yi wa bayani sai ni. Ya nuna mini ƙotar wata, ya ce icen wata bishiya ce da sanyi ke murɗe wa jiki har ya yi zane kamar da gangan aka yi. Ya nuna mini wata ƙarama da ba ta wuce babban yatsa ba, ya ce masunta ne ke rataya ta. Sannan ya nuna mini tambarin maƙeri a jikin ruwan wuƙa, 'yan ƙananan haruffa, ya ce a nan darajar take. Wadda tambarinta ke raɗau, ba a taɓa goga ta a dutse ba, ita ake rububi.

"To wace ce ta fi kaifi a cikinsu?" na tambaye shi.

Ya yi dariya. "Baba, ai ba don kaifi ake ajiye su ba. Tarihi ne."

"Wuƙar da ba ta yanka, me ya raba ta da cokali?"

Ya sake yin dariya, ya ɗauka ba'a nake yi. Ni kuwa idona na kan wata a layin sama. Ƙotarta ta kumbura a tsakiya ta tsuke a baki biyu, da ɗan zobe a gindi. Ido ɗaya nake gani da shi a lokacin, amma ban yi shakka ba. 'Yar ganga ce, irin ta mahaifina sak.

Wani dogon Bature ne ya bar masa tasa, mutumin Suwidin da ya yi aiki da ma'aikatar gona a yankinmu ina ƙarami. Shi ya koya wa mahaifina auren bishiya, wato a yanko reshen mangwaro mai daɗi a ɗora shi a kan ɗan tsiron da ya fito daga ƙwallo, a ɗaure, su haɗe su zama jiki ɗaya. Da farko mutanen gari suka ce wannan shisshigi ne cikin ikon Allah. Da suka ɗanɗana sai maganar ta mutu. Ita wuƙar ba a buɗe ta yadda ake buɗe sauran. Wani ɗan harshen ƙarfe za ka danna a gindi, ka zaro cikinta gaba ɗaya, ka warware ruwan daga gidansa na tagulla, sannan ka mayar cikin icen, ta ce ƙas. Mu yara mukan bar wasa mu zo jin wannan ƙas ɗin. Mu muka sa mata 'yar ganga saboda sifar ƙotar, sunan kuma ya bi ta.

A lambunmu akwai wata bishiya da ta fito da kanta a bakin rijiya. 'Ya'yanta ba su da zare ko ɗaya, ɓawon siriri, ƙamshin kuwa tun daga bakin hanya yake tarar mutum. Taƙizare mahaifina ya raɗa mata. Idan ka shuka ƙwallonta, mangwaro mai zare ne zai fito kamar na kowa, sai ta hanyar aure kaɗai ake samun irinta. Ya aurar da guda shida a cikin lambu, suka zama bakwai da uwar, daga nan ya ja layi. 'Ya'yan dai yana bayarwa, kwando-kwando, gidan liman, gidan mai jego, gidan makoki. Reshe kuwa ko tsinke. Mutum zai taso tun daga wani gari ya durƙusa yana roƙo, mahaifina ya cika masa buhu ya ce, "Ka sha nonon saniya, ba a ce ka kora ta gida ba." Ya kuma yi mana wasiyya, ni da ƙanena, cewa kada hannun bare ya taɓa ta da ƙarfe. A lokacin ina jin maganar kamar sarauta aka naɗa mana. Yau na san sunanta, rowa ce, kuma na gaje ta cif.

Aikin lambu ba ya ƙarewa, shi ya sa ba mu san wani abu wai gundura ba. Da safe ban ruwa, tulu a ka, daga rijiya zuwa layin 'yan tsirai, sai wuya ya ƙage. Da hantsi a saɓule rama a jiƙa ta, domin da ita ake ɗaurin aure. A bi masu zuma a roƙo kaki, a narka shi a kasko, da shi ake toshe bakin yanka kada iska ta shiga. Idan 'ya'ya sun fara nuna, da yamma mu ne 'yan gadi, muna kaɗa gwangwani muna korar jemagu har muryarmu ta dishe. Ƙaron ɗanyen mangwaro ya ƙone mana leɓe, mu je gida uwa ta duba baki ta gane satar da aka yi, ba sai an kira shaida ba. Yanzu fa? A kantin da ke ƙasan benen nan mangwaro ba ya yankewa, rani da damina, in ma akwai damina. Wani daga Pakistan, wani daga Indiya, kowanne an sa masa 'yar riga ta soso an manna masa takarda. Ka tambayi mai kantin bishiyar wa ce, ya dube ka kamar ka zare. Ana sha dai, ana goge baki, ba wanda ya san hannun da ya ɗaura.

Ranar da na zama mai lambu, da ɓarna na fara. Ban wuce shekara goma sha biyu ba. Mahaifina ya tafi jana'iza ƙauyen gaba, ya sauya riga, ya manta 'yar ganga a aljihun tsohuwar. Na zaro ta na tafi dandali ina taƙama. Na yanka rake, abokai suka yi tafi. Wani ya ce ai wuƙar Bature har ƙarfe tana ci, ni kuma da kunnen ƙashi na ɗora ta a kan wayar shinge na danna. Waya tana nan lafiya, bakin wuƙa ya yi giɓi kamar haƙorin yaro mai famfara. Na naɗe ta na mayar aljihu. Washegari bayan asuba na ji shuu sau ɗaya, sai shiru. Na san ta ƙare.

Bai dake ni ba, kuma da dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya kira ni ya ce in zauna, ya miƙo mini dutsen da wuƙar.

"Abin da ka cire cikin ƙiftawar ido, mayar da shi," in ji shi.

Giɓi ba ya cikowa. Sai dai ka ci sauran bakin gaba ɗaya har ya sauko daidai da gindin giɓin. Kuma wuƙar aure gefe ɗaya ake kwantar da ita a kan dutse, shafe, domin yankanta ya fita sumul, ɓawo ya kwanta a kan ɓawo. Safiya uku na yi ina gurzawa, yana zaune yana jan carbi, in na ɗaga hannu ya ce, "Kwantar." Yatsuna suka yi bororo suka fashe. A rana ta uku na duba sai na ga rubutun Baturen da ke jikin ruwan ya shafe rabi. Nan ne na fashe da kuka, na ce na ɓata ta gaba ɗaya. Ya karɓa ya gwada a gashin hannunsa, gashin ya zube. Ya ce, "Rubutu ba ya yanka. Wanda ya ƙera ta ya sa sunansa don a san ya iya, ya yi mata baki don a yi aiki. Wanne kake jin zai fi so a kula da shi?" Daga nan ya kama hannuna zuwa lambu, ya ɗora nasa a kan nawa, muka tsaga ɗan tsiro, muka fiƙe reshen Taƙizare, muka cusa. Ita ce ta shida a cikin bishiyoyin nan. Wuƙar kuwa mun yi ta ci da dutse, shi da ni, har ruwanta ya koma kamar tsinken tsire, ya karye a hannuna shekaru bayan rasuwarsa. Ƙotar ta yi ta yawo a tsakar gida, yara na wasa da ita.

Muna cikin kullen korona ƙanena ya bugo waya. Shi boko ya yi, malamin makaranta ne har ya yi ritaya, bai taɓa ɗaura aure ko ɗaya a lambu ba.

"Yaya, sun zo sun shafa jan fenti," ya ce. "Sabon titi ne zai ratsa fadama. Duka bakwai ɗin suna kan layi. Sun ce da damina ta ɗauke za su shigo."



"Ga yaran nan na gandun renon itatuwa," ya ci gaba. "In kira su su ɗebi rassa su aurar a can? Sun iya fa."

"Kada ka kuskura. Ka manta abin da Baba ya ce? Ina nan tafe."

Haka na faɗa, da ƙarfina, ni da ko ƙofar lif ɗin sauka daga bene ba na wucewa sai da izini. Na yi ta ƙirga kwanaki har aka buɗe hanyar jirage. A ranar na tari Abba da maganar fasfo, yana cire takalmi.

"Baba, likita ya ce da sukarinka da shekarunka, idan cutar nan ta kama ka a hanya ba a san yadda za ta kaya ba. Ga ido ɗaya ba a yi ba. Shwaiya shwaiya, sannu-sannu, ka bari abin ya lafa."

"Bishiyoyin kakanka za a sare."

"Mangwaro ne fa, Baba. Wane iri ne babu a kanti a nan? Khalas, don Allah mu bar maganar."

Ni ɗan cikina zai ce wa khalas. Kwana biyu ban ci abinci tare da su ba. A rana ta uku, da suka fita aiki, na shiga ɗakinsu ina bincike, tsofai-tsofai da ni. Na ja durowa ɗaya, na ja ta biyu, a ta uku na tarar da kayan surukata. Kunya ta rufe ni, na mayar na fito ina istigfari. Wuƙa da nama suna hannun Abba, ni kuwa ko hanyar filin jirgi ban sani ba.

Sai dai tun farkon kullen, saboda zaman banza, na riƙa tsince ƙwallayen mangwaron da muka sha ina tusawa a robobin yogot. Ƙasar kuwa daga tukwanen furannin surukata na kwasa, waɗanda suka bushe a baranda. Shida suka tsiro. Da zafi ya tsananta na shigo da su jikin taga, na raine su har suka yi kaurin fensir. Wata ranar hutu Abba ya kai ni wani gidan abinci na mutanenmu a Deira, inda nake samun tuwo da miyar kuka in kuma ji Hausa ta cika ɗaki. A nan na saba da wani Alhaji ɗan Kano mai safarar kayan waya, wanda ke zuwa yana komawa kamar mai zuwa kasuwar ƙauye. Na ja shi gefe na gaya masa damuwata. Ya ce, "Baba, ni da nake ɗaukar kwantena, tsinke shida ne zai gagare ni?" Na bugo wa ƙanena, tunda shi ba bare ba ne, na yi masa bayani dalla-dalla: reshen da idanunsa suka kumbura, tsawon tafin hannu, a tsige ganye, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a cusa a tsakiyar damin asuwaki. Na ce ya haɗo da dutsen Baba da ke kan taga a zaure. Ba zan yi ƙarya ba, tun da na ce a haɗo da dutsen na san abin da zan aikata.

Da hantsi Alhaji ya kawo saƙon har ƙofa, masu gida duk suna wurin aiki. Na warware tsumman, ƙamshin ƙaron ya bugi hancina, sai da na dafa bango. Rassan suna da rai, amma kwana uku suka yi a hanya, ba za su kai gobe ba. Don in sauke hakki na fara gwada wuƙaƙen kicin a kan wani guntu. Ɗaya mai haƙora ce kamar zarto, ɗaya kuma murje ɓawon take yi tana tauna shi. Na gwada reza, ta lanƙwashe a hannuna. To. Makullin durowar gilashi na cikin wani ɗan kofin gahawa a kan kanta, na daɗe da sani. Na buɗe, na ɗauko 'yar ganga da hannuna tsirara, na danna harshen, na zaro, na warware, na mayar. Ta ce ƙas.

Bakinta kuwa ko tuwo ba zai yanka da kyau ba. Na zauna a ƙasan kicin, na ɗiga wa dutsen ruwa, na kwantar da ita. Wallahi wanda ya ƙera ta ya san ƙarfe. Tana hawa dutsen na ji ta amsa, ba irin gwangwanin yanzu ba. Shuu, shuu, a hawa na goma sha ɗaya, esi, na'urar sanyaya ɗaki, na hurawa a kaina. Na ga haruffan suna dusashewa, na gani sarai, ban tsaya ba. Da gashin hannuna ya zube na jawo robobin. Na tsaga, na fiƙe, na cusa, na ɗaure da ledar burodi da na yayyanka, tunda babu rama babu kaki. Kafin azahar na gama duka shida. Na goge wuƙar na ajiye ta a tsakiyar teburin falo, domin ni ba ɓarawo ba ne da zan mayar in yi shiru.

Abba ya dawo bayan la'asar. Ya ɗauke ta ba safar hannu, ya kai jikin taga ya juya ta a haske.

"Baba, wannan ta fi shekara ɗari ba a taɓa ɗora ta a dutse ba," ya ce a hankali. "Shekara huɗu na yi ina neman irinta."

"Shekara ɗari tana zaman kashe wando. Yau ta yi abin da aka yi ta dominsa."

"Ka san abin da ya sa na fara tara su? Ƙotar nan da muke wasa da ita a tsakar gida, wadda babu komai a cikinta. Tun ina yaro nake son in ga yadda take kafin ku cinye ta."

Maganar ta soke ni, domin ban taɓa sanin haka ba. Da ina da hankali da na yi shiru. Amma bakina ya riga ni.

"Mun cinye ta, da abin da ta yanka kuma aka kai ka makaranta. Ni ma ai ka sa ni a bayan gilashi ka kunna mini fitila. Bambancina da su, ni ba mai sayena."

Ya ajiye wuƙar inda ya same ta, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Bai mayar da ita cikin durowar ba, gurbinta ya zauna fili a kan jan ƙyallen. Muka koma daga ina kwana sai sai da safe. Surukata ce ke kai da kawowa tsakaninmu. Wata rana tana miƙo mini shayi ta ce, "Baba, ka yi masa haƙuri. Tun da Innarsa ta rasu yana nan bai samu zuwa ba, tsoro ne ya kama shi. Gani yake in ka tafi shi ke nan." Na ce na ji. Na ji ɗin kuwa, sai dai jin bai buɗe mini ƙofa ba.

Auren bishiya yakan nuna kansa cikin mako biyu zuwa uku. Na farko ya yi baƙi daga sama, na taɓa shi ya zube. Na biyu da na uku suka bi shi a rana ɗaya. Ko hanya ce ta gajiyar da su, ko esi ne, ko hannuna ne ya tsufa, Allah masani. Ranar da na biyar ya bushe na ajiye girman kai na ɗauki waya.

"Kira yaran gandun nan," na ce wa ƙanena. "Su ɗebi duk abin da suke so. Duk wanda ya zo ma a ba shi."



"Yaya, tun ranar Talata katafila ta shiga. Na rasa ta inda zan fara gaya maka."

"Ko kututture ba su bari ba?"

"Sun tumɓuke. Masu gawayi sun kwashe."

Ba a fafe gora ranar tafiya, tun muna yara ake gaya mana. Na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne mahaifina. Na so in ɗora wa masu titi, na so in ɗora wa Abba, abin ya ƙi zama. Wata huɗu cur ina da damar cewa a kira yaran nan. Da mun bai wa ko mutum ɗaya cikin masu durƙuson nan reshe, da yau Taƙizare tana tsaye a wani gari tana zubar da 'ya'ya. Mun tsare ta daga hannun kowa har muka tsare ta daga duniya, ni da ubana, Allah ya gafarta mana.

Na shidan bai yi baƙi ba, bai kuma motsa ba. Na riƙa duba shi sau goma a wuni. Wata safiya na ga idon sama ya tsage, bayan kwana biyu wani ɗan abu ja ya leƙo. Ganye huɗu suka fito, jajaye masu laushi, suna rataye kamar jiƙaƙƙen tsumma, yadda sabon tohon mangwaro yake yi. Duk faɗin duniya, abin da ya rage na Taƙizare ke nan, a cikin robar yogot a jikin tagar da ba ta buɗewa.

A cikin makonnin nan aka yi mini ido na biyu. Ashe kuma ƙanena ya gaya wa Abba komai. Wata yamma ya yi sallama a ƙofar ɗakina, ya shigo ya durƙusa, ya ajiye fasfona a kan gado da wata takarda.

"Baba, ga shi. Na yanki tikiti, ranar Lahadi. Ka yafe mini."

Na ɗauka. Kusan shekara ina jiran ɗan littafin nan. Nan take na ga zaurena, na ga tabarmar ƙofar masallaci da tsofaffin da suka rage, na ga kabarin uwarsa da ban ziyarta ba. Daɗi ya kama ni. Sai idona ya faɗa kan robar.

"Ita fa?"

"Na tambaya, Baba. Ba sa barin tsiro da ƙasarsa a jirgi. Sai dai reshe, yadda ya zo."

"Reshe ɗaya gare ta, da ganye huɗu. In na yanka ta mutu."

"Sai yaushe za a iya yanka?"

"Sai ta yi rassa sun yi kauri. Damina biyu, in ta yi sauri."

Surukata tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Baba, ka tafi, ni zan riƙa ba ta ruwa." Na dube ta, yarinya mai zuciyar kirki, na tuna daga inda na kwaso ƙasar da ke cikin robar. Kuma ba ruwa kaɗai ba ne. Akwai ranar da za a sassauta ledar, in an makara ta shaƙe, in an yi gaggawa ta rabu. Akwai tohon da zai fito ta ƙasan ɗaurin, wanda in ba a cire shi ba zai ƙwace abincin ya kashe na sama. Ga zafin garin nan zai sake dawowa. A gidan babu mai sanin waɗannan sai ni, kuma ba abin da ake koyarwa kafin Lahadi ba ne. Na haura saba'in, da sukari a jiki. Damina biyu ba alkawarin da zan iya ɗauka ba ne, ko a can ko a nan.

Na juya fasfon a hannuna, na buɗe na kalli hotona, na rufe. Na miƙa wa Abba.

"Mayar da shi inda ka ɓoye shi."

"Baba?"

"Kuma kada ka gaya mini wurin. Akwai ranakun da in na san inda yake, zan bar ta in tafi."